Fim ɗin Bros: Inda Ya Yi Armashi da Inda Ya Gaza

Masu sauraro, a ranar 30 ga Satumban 2022 kamfanin Universal ya saki fim ɗin Bros a gidajen kallo na Amurka, fim ne na soyayya da barkwanci a kan maza biyu masu neman jinsi ɗaya. Nicholas Stoller ne ya ba da umarni, kuma shi da Billy Eichner suka rubuta labarin. An kashe masa kimanin dala miliyan 22, amma kuɗin da ya dawo da su ba su kai miliyan 15 ba.

Eichner ya fito a matsayin Bobby, mai gabatar da shirin murya a intanet a birnin New York, mutum mai kaifin baki da yake fafutukar buɗe gidan tarihi na masu irin rayuwarsa. Luke Macfarlane kuma shi ne Aaron, lauya mai rubuta wa mutane wasiyya, miskili, wanda ya binne burinsa na sana'ar cakulan tun yana yaro don gudun kada a ce bai cika namiji ba. A ganina, duk armashin fim ɗin yana tsakanin mutanen nan biyu ne, musamman idan hayaniya ta lafa. A bakin teku a garin Provincetown, Bobby ya kwantar da murya ya bayyana yadda aka yi shekaru ana ce masa ya rage rawar kai idan yana son ya kai ga wani abu, sai mai kallo ya gane cewa yawan surutun nan garkuwa ce. Daga baya, da iyayen Aaron suka zo New York, shi ma Aaron ya roƙe shi wannan alfarmar, wato ya kama kansa a gabansu. Bobby kuwa ya buɗe muhawara da mahaifiyar Aaron, malamar firamare, a kan teburin cin abinci. An rubuta wannan saɓani da gaskiya, domin kowannensu yana da hujja kuma kowannensu ya ji ciwo.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne nauyin da ya ɗora wa kansa. Yana son ya ba da dariya, yana son ya koyar da tarihi, yana kuma son a shaida cewa shi ne ya buɗe ƙofa, tun da manyan 'yan wasansa duk daga cikin al'ummar da yake magana a kanta aka ɗebo su. Sakamakon haka, sau da dama labari yakan tsaya cak Bobby ya shiga lacca. Mambobin kwamitin gidan tarihin ma ba a ba su rai ba, kowannensu an kawo shi ne ya wakilci wani rukuni, ya jefa zolaya ɗaya ya koma gefe. Ga kuma fitowar tsiraici da ta sa aka taƙaita kallonsa ga manya.

Da aka ga ƙarancin ciniki a makon farko, Eichner ya ɗora alhakin a kan masu kallon da ba na al'ummarsa ba, ya ce ba su fito ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta wadatar ba. Tallar fim ɗin ta fi nanata cewa an kafa tarihi fiye da nuna cewa akwai nishaɗi, babu kuma wani fitaccen tauraro da sunansa kaɗai zai sa mutum ya sayi tikiti. Wanda ya ware kuɗinsa don ya yi dariya a daren Asabar ba ya son a sa ya ji kamar an kira shi sauke farali ne.