Ranar da Hadiza Ta Fara Shiga Ajin Yoga a Gombe

Malam Sani: Assalamu alaikum, masu sauraronmu na cikin garin Gombe da kewaye, da waɗanda suke bibiyarmu daga nesa ta intanet, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ne Sani, tare da ni akwai Anti Binta, wadda ta daɗe tana aikin gashin ƙashi a asibiti, sai ƙanwarmu Hadiza, mai sana'ar ɗinki a Jekadafari. A makon jiya Hadiza ta shiga ajin yoga, wato motsa jiki na miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi, karo na farko a rayuwarta, kuma ta ce mana ta shiga ne gabanta yana faɗuwa. Hadiza, me ya kai ki?

Hadiza: Malam, ciwon ƙugu ne ya kai ni. Duk tela ya san yadda ɗinkin sallah yake: mutum ya hau keke tun bayan asuba, ba zai sauka ba sai tsakar dare, sai dai ya tashi salla ko cin abinci. Bayan sallar da ta wuce, sai na wayi gari ba na iya ɗagowa daga ruku'u sai na daɗe ina dafe da gwiwa. Na je asibiti, an duba ni, aka ce babu wata matsala a ƙashi, yawan zama ne, in riƙa motsa jiki. Wata mai kawo mini ɗinki ce ta ba ni labarin wani aji na mata zalla da ake yi duk Asabar da ƙarfe bakwai na safe a wajen GRA. Na biya kuɗin wata guda, amma Asabar biyu suka wuce ban je ba.

Anti Binta: Me ya hana ki, alhali kin riga kin biya?

Hadiza: Kunya ce, Anti, da kuma shakka. Abin da nake gani a waya shi ne 'yan mata sirara cikin matsattsun kaya suna naɗe jiki kamar ba su da ƙashi. Ni kuwa shekaruna 38, 'ya'yana huɗu, ga jiki. Na yi ta tunanin abin da zan saka, da yadda za a dube ni idan kowa ya iya ni na kasa. Shakkar kuma ta addini ce, domin na ji ana cewa abin bautar mutanen Indiya ne. A Asabar ta uku na shiga Keke Napep, na ce ya sauke ni a bakin layi, na tsaya a gindin wani dogon yaro kusan minti goma ina kallon ƙofar. Sai ga wata Hajiya, wadda za ta haura shekara 60, ta sauko daga mota tana ɗingishi kaɗan, da tabarmar roba a hammatarta. Ta dube ni ta ce, “'Yata, ajin kika zo? Zo mu shiga tare.” Da ba don ita ba, da na juya gida.

Malam Sani: Allah ya saka mata da alheri. Da kika shiga, me kika tarar?

Hadiza: Mata goma sha ɗaya na tarar a wani zaure mai labule da fanka, an rufe ƙofa, an kuma ce kowa ta ajiye waya, babu ɗaukar hoto. Wannan ya fara kwantar mini da hankali. Yawancinsu dogon wando mai faɗi suka saka da riga har gwiwa da ɗankwali. Kafin a fara komai, malamar ta ja ni gefe ta tambaye ni ko ina da juna biyu, ko ina da hawan jini, ko an taɓa yi mini tiyata, ko akwai inda yake yi mini ciwo. Na gaya mata an yi mini tiyatar haihuwa shekara uku da suka wuce, ga kuma ƙugu.

Anti Binta: Ina so masu sauraro su riƙe wannan wurin, domin da shi ake gane malamar da ta san aikinta. Wadda za ta ce kowa ya hau tabarma ba tare da ta tambayi lafiyar sabon zuwa ba, ban amince da ita ba. Akwai salon da ake juyar da kai ƙasa, ƙafafu sama, wanda bai dace da mai hawan jinin da bai daidaita ba, haka ma mai hawan jinin ido, saboda yana ƙara matsi a cikin idon. Mai juna biyu ba ta kwanciya ruf da ciki, ba ta kuma murɗa ciki da ƙarfi. Tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi ba a sa ta lanƙwasa baya fiye da kima. Kuma kin kyauta da kika fara zuwa asibiti, Hadiza, domin ba kowane ciwon baya ne na miƙa jiki ba. Idan ciwon yana sauka ƙafa tare da mutuwar ƙafar ko rashin ƙarfinta, ko mutum ya kasa riƙe fitsari, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, to wannan na likita ne, kuma da gaggawa.

Hadiza: Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, minti goma na farko ba mu yi komai ba sai numfashi. Muka zauna, kowa ta ɗora hannu a ciki, malamar tana ƙirga huɗu mu shaƙa ta hanci, ta ƙirga shida mu fitar a hankali. A nan na gane cewa ni a wurin aiki riƙe numfashi nake yi. Idan zan sa almakashi a shadda mai tsada wadda ba tawa ba, ba na numfashi sai na kai ƙarshen yankan, kafaɗuna kuma a ɗage suke har kusa da kunne. Shekara goma sha biyar ina haka ban taɓa lura ba.

Anti Binta: Fitar da numfashi a hankali yana rage saurin bugun zuciya, shi ya sa mai fargaba yake jin ya ɗan sake bayan 'yan mintuna. Tsoka kuma ba ta yarda ta miƙe idan mai ita a tsorace yake.

Hadiza: Daga nan muka durƙusa a kan hannu da gwiwa, muna ɗaga baya sama kamar kyanwa idan ta yi miƙa, sannan mu sake shi ƙasa. Wannan na iya, kuma na ji daɗinsa a ƙuguna nan take. Amma da aka ce mu miƙe tsaye mu sunkuya hannu ya nufi ƙasa, nawa hannun a gwiwa ya tsaya, jijiyar bayan cinyata ta ɗaure kamar igiya. Na ji fuskata ta yi zafi. Sai malamar ta zo ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ajiye mini wasu bulo biyu na roba a gabana, ta ce in dafa su, in kuma ɗan lanƙwasa gwiwa. Da na waiga, sai na ga Hajiyar nan kujera ta dafa, ko a jikinta.

Malam Sani: Wannan bulon yana da tarihi. Wani malamin yoga na Indiya, B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918 ya rasu a 2014, shi ya shahara da shigo da bulo da ɗamara da kujera cikin koyarwa a makarantarsa da ke birnin Pune. Shi kansa yaro ne mai yawan ciwo a ƙuruciyarsa, ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka, saboda haka ya san halin jikin da ba ya iyawa. To amma Hadiza, mu koma ga shakkarki ta biyu, domin na san ita ce ta fi damun yawancin masu sauraronmu.

Hadiza: Ta taso mini a tsakiyar aji, Malam. An ce mu zauna a kan diddige, mu kai goshi ƙasa, mu miƙa hannuwa gaba mu huta. Suna ce masa zaman jariri. Ina kai kaina rabin hanya sai na ji abin ya yi mini kama da sujada, zuciyata ta ƙi. Na ɗago na zauna. Malamar ta matso ta tambaye ni ko gwiwa ce, na gaya mata gaskiya. Ba ta yi mini gardama ba, ta ce in kwanta rigingine in rungume gwiwoyina a ƙirji, wai amfanin da ƙugu zai samu kusan ɗaya ne.

Anti Binta: Kuma ta yi gaskiya. A asibiti muna koya wa masu ciwon baya duka biyun, ba ma kiransu yoga. Ni a ganina miƙa jiki ne kawai, suna ne ya bambanta.

Malam Sani: A nan zan ɗan saɓa miki, Anti. Bai kamata mu ɓoye wa mutane asalin abin ba. Yoga ta fito ne daga Indiya, kalmar kanta ta harshen Sanskirit ce, daga tushe mai ma'anar haɗawa, kuma ta girma ne a cikin addinan can, musamman na Hindu. Akwai jerin motsi da sunansa ke nufin gaisuwar rana, wato gaida ranar da ke fitowa a sama, akwai kuma furta “Om” da wasu azuzuwa suke buɗewa da shi, wanda lafazi ne mai tsarki a wurinsu. Gaskiya ne yau ta zama motsa jiki a wurin miliyoyin mutane, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranarta a shekarar 2014, bisa shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi, aka fara bikin a 2015. Duk da haka malaman Musulunci sun tattauna batun. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yogar da ta haɗa da irin waɗannan lafuzza da ibadu, a 2009 kuma majalisar malaman Indunusiya ta haramta wadda ke ɗauke da ibadar Hindu, amma ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da nake cewa shi ne, wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa, ya kuma tambayi mai koyarwa abin da ake yi a ajin tun kafin ya biya kuɗi.

Anti Binta: Na karɓi wannan gyaran, Malam. Ni ta fuskar tsoka da gaɓa nake kallo, amma mai shiga aji da zuciyarsa yake shiga.

Hadiza: Na tambaye ta bayan an tashi. Ta ce a ajinta babu furta komai, babu haɗa tafin hannu a sunkuya wa kowa, kuma ta cire gaisuwar ranar gaba ɗaya, domin ɗalibanta Musulmi ne da Kiristoci, kuma daga ɓangarorin biyu an nuna mata rashin jin daɗi. Da na san zan iya yin wannan tambayar tun farko, da ban yi asarar Asabar biyu ba.

Malam Sani: Yaya aka rufe ajin?

Hadiza: Da kwanciya rigingine, ido a rufe, na kamar minti biyar, babu motsi. Ina jin ƙarar fanka da wani mai tallan ƙosai a waje. Ban tuna ranar da na kwanta da rana ba tare da wani yana kirana ba, ko yaro ko mai ɗinki. Sai da na ji hawaye ya gangaro mini ta gefen ido, kuma ba na ɓacin rai ba ne. Washegari kuwa cinyoyina da kafaɗuna suka yi tsami, har na tsorata na kira Anti.

Anti Binta: Na kuma gaya miki wannan tsamin ba abin tsoro ba ne. Yana zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu idan tsoka ta yi aikin da ba ta saba ba, ya kuma tafi da kansa cikin 'yan kwanaki. Abin gudu shi ne ciwo mai suka kamar allura a cikin gaɓa yayin da ake motsin. Duk wanda ya ji shi ya tsaya nan take, ko da malama ta ce a daure. Akwai hujja a kan amfanin yoga ga ciwon bayan da ya daɗe: a 2017 Kwalejin Likitocin Amurka ta sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin a koma ga ƙwayoyi. Sai dai raina yana ɓaci idan na ji ana tallarta a matsayin maganin hawan jini ko ciwon suga, domin na ga mutanen da suka ajiye maganin asibiti saboda irin wannan zancen, suka dawo mana da shanyewar ɓarin jiki. Kuma awa ɗaya a mako ba za ta goge zaman kwana shida a kan keke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, saboda haka ki haɗa da tafiya a ƙasa, ki kuma riƙa tashi daga kan keken duk bayan rabin awa, ko da zagaya shago ne.

Hadiza: Na fara, Anti. Na sa wa wayata ƙararrawa, kuma yaran shagona biyu suna tashi tare da ni, mu dafa teburin yanka mu miƙa baya. Ɗaya daga cikinsu ta ce za ta bi ni wannan Asabar ɗin, amma ba ta da kayan da za ta saka, don haka jiya na yanka mana wanduna biyu masu faɗi daga yadi mai laushi, da roba a ƙugu da idon sawu, yadda ƙafar wandon ba za ta zame ba idan an ɗaga ƙafa. Hajiyar nan ma ta ce in kawo mata samfuri ta gani.

Malam Sani: To, Allah ya ƙara sauƙi, Hadiza, ya kuma sa albarka a ɗinkin. Anti Binta, mun gode. Masu sauraro, sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.