Lacca: Dreamland, Dandalin Wasannin da Gobara ta Lashe a Dare Ɗaya

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan zama.

Yau za mu leƙa bakin tekun Coney Island, a unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka. A watan Mayun 1904 wani ɗan siyasa kuma dillalin filaye, William Reynolds, ya buɗe dandalin wasanni mai suna Dreamland. Ya tarar wani dandalin wasanni a nan Coney Island, Luna Park, da aka buɗe a 1903, yana ta kwasar kuɗi, sai ya ci alwashin ya fi shi a komai. Ya shafe gine-ginensa da farin fenti, ya gina hasumiya mai tsawon ƙafa 375, ya baza ƙwan lantarki wajen miliyan 1, a zamanin da yawancin gidaje ke kunna fitilar gas ko ta kananzir.

To me ake kallo a ciki? Akwai ƙaramin gari da aka zuba wadanni kusan 300, mutane na biyan kuɗi su kalle su. Jama'a, wannan abu yana ci mini rai, don 'yan Adam ne aka mai da abin kallo. Akwai jarirai bakwaini a cikin kwalba, waɗanda wani mai suna Martin Couney ke kula da su. Su ma kallonsu ake yi, amma kuɗin shigar ne ke biyan jinyarsu, kuma da yawa sun rayu ta wannan hanya. Akwai zakoki. A shekarun farko har wasan gobara ake yi, a cinna wa bene wuta, 'yan kwana-kwana su kashe, 'yan kallo na tafi.

Ku lura da kyau a nan. Wannan ƙawa duk kyan ɗan maciji ce. Gine-ginen katako ne da aka yaɓe da filasta, ba a yi su don su daɗe ba, kuma suna manne da juna.

A daren 27 ga Mayu 1911, ana shirin buɗe kakar wasannin shekarar, ma'aikata suna liƙe yoyo da kwalta mai zafi a wani wurin wasan kwale-kwale da ake kira Hell Gate. Ƙwayayen lantarki suka fashe, duhu ya rufe, bokitin kwalta ya kife, wuta ta tashi. 'Yan kwana-kwana sun zo da wuri, amma ruwan famfo ba shi da ƙarfi. Hasumiyar nan ta kama, ta rufto. Allah ya sa an fitar da jariran lafiya. Dabbobi kuwa da yawa sun ƙone a cikin kejinsu, wani zaki mai suna Black Prince ya fito titi a firgice, 'yan sanda suka harbe shi.

Kafin rana ta ɗaga komai ya zama toka, shekara 7 kacal da buɗewa. Reynolds bai sake ginawa ba. Hukumar birnin ta karɓi filin, kuma a 1957 aka buɗe gidan kallon kifaye na New York a wurin.