Jawabin maraba da mai girma Minista a Agadas

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Minista, ranka ya daɗe, mai girma Gwamnan jaha, wakilin mai martaba Sarkin Abzin, iyayenmu malamai, sojojinmu, barkanku da zuwa. Mu kwamitin 'yan kasuwa da masu garka da matasan unguwanni muna yi maka lale marhabin, aikinka ya riga ka zuwa garin nan, ba sai mun tsaya lissafi ba kuma mun san lokacinka kaɗan ne. Saboda haka za mu fara da abin da ya tara mu, takarda muke roƙo, doka rubutacciya mai sa hannun shugaban ƙasa wadda za ta ware wani gefe na sansanin sojan sama na 201 da Amurkawa suka bari, ta damƙa shi ga gari don aikin farar hula.

Ranka ya daɗe garin da ka sauka yau ba ƙaramin gari ba ne. Tun ƙarni na 15 sarautar Abzin take zaune a nan, hasumiyar masallacinmu ta laka mai tsawon mita 27 ka gan ta tun daga hanya, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon gari cikin kayan tarihin duniya. Daga nan ayarin gishiri ke tashi zuwa Fashi da Bilma. A nan Kawsan da Sarki Tagama suka tsare Faransawa cikin barikinsu daga Disambar 1916 har Maris na 1917, kuma da sojojin Faransa suka sake karɓe garin malamanmu suka kashe. To mu mun san bariki tun kakanni, mun san abin da yake ci. Bayan haka yuraniyom ɗin Arlit ya wuce ta ƙofarmu shekara sama da 50 yana haskaka wasu ƙasashe, mu kuwa hanyar Tawa ma sai wanda ya bi ta da kamyo zai ba da labari. 'Yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa bayan 2007, dokar 2015 mai hana jigilar baƙin haure ta zaunar da direbobinmu har sai da aka soke ta a 2023, ma'aikatar haƙar yuraniyom ta Cominak ta rufe a 2021, kowane ɗaya da gidajen da ya kashe wa tukunya.

Sai ga wannan sansani a kudancin gari, an kashe masa sama da dala miliyan 100, titin jirginsa kusan kilomita 2, daga 2019 muka riƙa kwana da gunjin jirage marasa matuƙi a saman rufinmu. Mu muka fito kan titi a Afrilun 2024 muka ce Amurkawa su tafi, suka fita ranar 5 ga Agusta, kuma ba mu yi da-na-sani ba. Amma yaranmu da suka yi shara da dafuwa da gini a ciki suna zaune yanzu, akwai wanda a unguwarmu har yau katin shigarsa na rataye jikin ƙusa a ɗakinsa, ya iya gyaran gurup da na'urar sanyaya ɗaki kamar wasa, yana kabu-kabu da babur ɗin aro.

Ba mu ce sojojinmu su tashi ba, Allah ya kiyaye, tsaro ne gaba da komai kuma su suka san abin da suke buƙata. Gefen da ba su buƙata muke magana. Matsalar ita ce fili na soja ba ya hannun meri, kuma tun da aka rusa majalisun komin a Afrilun 2024 wanda ke riƙon gari ba zai iya sa hannu ya ba ɗan kasuwa hayar ko taku ɗaya a wurin ba. Babu bankin da zai ba da sefa ɗaya a kan filin da ba shi da takardar mallaka. Shi ya sa muke cewa takarda, ta faɗi iyakar filin, ta kafa hukumar da za ta kula da shi da soja da gari da fadar Sarki a ciki, ta ba ta ikon yin haya ta shekaru masu tsawo da karɓar kuɗin hayar.

Maganar kuɗi kuma ba mu zo da hannu biyu a miƙe ba. Dokar ma'adinai ta ware wa komin-komin na jahar da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ke shiga, a biya shi kan kari a yanki wani abu don wannan aiki. Asusun FSSP na haɗin kai don ceton ƙasa da mu ma muke zubawa a ciki ya taimaka da ruwa da wutar rana. Sauran 'yan kasuwarmu sun ce za su sa nasu in sun ga sa hannu. Abin da muke so a gina ba mai yawa ba ne, rumbunan ajiyar albasar Tabelot da ɗakin sanyi na lemun Timiya, don duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da buhunan albasa da suka yi kwana huɗu a rana suna zubar da ruwa ya san warin asara, sai kuma makarantar koyon sana'a ta waɗannan yara.

Akwai maganar hanya da ta likita, mun rubuta su a wata takardar daban za mu miƙa wa sakatarenka. Amma wannan ta sansani muna roƙonka don Allah ka ɗauke ta da hannunka ka kai majalisar ministoci, ka turo mana masu awon fili kafin damina ta faɗi. Allah ya mai da kai Yamai lafiya, ranka ya daɗe.