Dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh: Dalilin Neman Kuɗi Bayan Ɗaukar Hoto

Tun da bidiyoyi suka fara yawo a kafafen sada zumunta suna nuna baƙi na cacar baki da masu wasa da maciji a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, masu kallo da dama suke tambayar ko damfara ake yi a dandalin Jami'ul Fana. Doguwar hasumiyar da ake hange daga dandalin ta masallacin Kutubiyya ce, wadda aka gina a ƙarni na 12, tsawonta kimanin mita 77. Sarakunan daular Murabiɗun ne suka kafa birnin a wajajen shekarar 1070.

Da hantsi filin na masu matsa ruwan lemo ne da mata masu zanen lalle da masu maganin gargajiya. Da la'asar ta yi sanyi sai a turo amalanke a kafa rumfunan abinci, kowace da lambarta, hayaƙin gasasshen nama ya turnuƙe wurin. Abin da ke tafasa a wasu tukwanen kuwa romon dodon koɗi ne, wanda ni dai ya fi ƙarfina.

A dandalin za ku ga da'irar mutane sun kewaye dattijo guda, kuma a nan ne rashin fahimtar yake. Mutanen gari suna kiran irin wannan da'ira halƙa, kuma ita ce wurin sana'ar mai ba da labari da makaɗi da mai wasa da maciji. Babu ƙofar da ake karɓar kuɗin shiga, saboda haka abincin mai wasa yana hannun waɗanda suka tsaya kallo. Mai labarin yakan dakata daidai inda labarin ya yi daɗi, ya bi da'irar yana karɓar abin da ya samu, sa'annan ya ci gaba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon gardawa a kasuwannin ƙasar Hausa ya san ba a kallon kyauta. Saboda waɗannan masu wasa ne, ba saboda gine-gine ba, hukumar UNESCO ta sanya dandalin cikin al'adun gadon ɗan Adam a shekarar 2001.

A idon mai halƙa, wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ya riga ya amfana da sana'arsa, ko da daga nesa ya tsaya. Akwai kuma mutum mai jajayen kaya da malfa, wanda ya rataya salka da kofunan tagulla, asalin sana'arsa sayar da ruwan sha ce, amma a yau hoton da ake ɗauka da shi ne yake ciyar da shi. Baƙo yakan ɗauki hoton tukuna, sai bayan an miƙo hannu ya fara tambayar farashi, alhali ciniki ya riga ya kuɓuce masa. Abin da ya dace shi ne a yi sallama, a daidaita a kan adadin dirhami kafin a fito da waya, kuma a tanadi ƙananan kuɗi tun daga masauki, domin samun canji a tsakiyar halƙa yana da wuya.

Hakan ba ya wanke kowa. Akwai masu ɗora wa mutum maciji ko biri a wuya ba tare da izininsa ba, su kuma tsuga kuɗi, akwai kuma masu lalle da ke cafke hannun mace su fara zane kafin ta ce uffan. A janye jiki cikin ladabi, in abin ya yi tsamari akwai ofishin 'yan sandan masu yawon buɗe ido a bakin dandalin. Ni dai a ganina, birin da aka ɗaure da sarƙa a cikin rana bai cancanci a ba da ko sisi a kansa ba.

Masu kaɗa molo mai tsirkiya uku da kacau-kacau na ƙarfe su ne Ginawa, waɗanda kakanninsu suka fito daga kudancin Sahara, kuma su ma ƙa'idar ɗaya ce. Wanda yake son hoton dandalin gaba ɗaya sai ya hau rufin ɗaya daga cikin gidajen shayin da ke kewaye gab da magariba, inda za a buƙaci ya sayi abin sha kafin a bar shi ya tsaya a bakin baranda.