Gwajin manne a baya ga mai borin jinin da ya ƙi ƙarewa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Landan. Yau kan borin jini za mu tattauna, irin wanda ya haura mako 6 yana tashi yana kwanciya. Masu fama da shi da yawa kan roƙi likita ya yi musu gwajin manne a baya, don a gano abin da jikinsu ba ya so. To ku sani, yawancin irin wannan borin daga cikin jiki yake tasowa, shi ya sa ba kowa ake yi wa gwajin ba. An fi yi wa wanda, ban da borin, fatarsa ke ƙaiƙayi tana saɓa a wuri ɗaya: inda ɗan kunne ko agogo ke taɓawa, ko goshi bayan rinin gashi.

Da wasu 'yan kofunan alminiyam da ake mannawa a baya ake yin gwajin. Faɗin kowanne milimita 8 ne, guda 10 a jikin filasta ɗaya. A ciki ake ɗiga sinadarai kusan 30, irin su ƙarfen nikel, haɗin turare, da sinadarin PPD, wanda ake zubawa a baƙin lalle. Ranar Litinin a manna, Laraba a cire bayan awa 48, Juma'a a sake dubawa, don wani sinadarin sai ya kwana huɗu yake nunawa.

Ga inda ake samun matsala. Ruwa ko gumi na ɗaye filastar, sai a haƙura da wanke baya. Maganin siteroid yana danne sakamakon, na sha ne ko na shafawa, kuma man bilicin da yawa na ɗauke da shi. Don Allah 'yan'uwa mata, a faɗa wa likita gaskiya. Maganin ƙaiƙayi irin su setirizin kuwa ba ya hana wannan gwajin, kada a daina sha.

Mai borin jini, ɗaye filastar kaɗai kan sa fatarsa ta tashi, don haka a jira kamar minti 20 kafin a duba. Kuma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, dole likita ya shafa da yatsa ya ji ko wurin ya yi kauri ko ya fesa ƙananan ƙuraje.

Wanda kuma borinsa ke tashi cikin mintuna da ya sa safar hannu ta roba, gwajin da ake ɗan tsira fatar hannu da allura ne nasa, kuma shi kam sai an dakatar da maganin ƙaiƙayi na 'yan kwanaki kafin a yi.