Gani ya kori ji? Hira daga kan tudun Girenic

Jama'a, barkanmu da rana. Ku yi haƙuri da hakin da nake yi, tudun nan a ido kamar ba komai, sai ka fara hawa gwiwa ta gaya maka gaskiya. Ga iska kuma, in kun ji makirfo yana buu-buu, ba laifina ba ne.

Yau ina Girenic, a kudu maso gabashin Landan. Agogon GMT ɗin nan da muka tashi muna ji a rediyo, to G ɗin nan ne. Bari in juya muku kyamara. Wancan ginin mai jan bulo gidan nazarin taurari ne, Sarki Charles na biyu ya sa aka gina shi a 1675. Kun ga jan ƙwallon can a kan rufi, a soke jikin sanda? Tun 1833 ake ɗaga shi sama, ƙarfe ɗaya daidai a sake shi ya faɗo, domin matuƙan jiragen ruwa da ke Kogin Tems su hango su saita agogonsu. Yanzu ɗaya saura kwata, kuma shi na zo ɗaukar muku. Sai dai an ce in iska ta yi yawa ba sa ɗaga shi, to za mu gani.

Waɗancan da suka yi layi kuwa, hoto suke jiran ɗauka a kan layin da aka amince a taron Washinton na 1884 cewa shi ya raba duniya gabas da yamma. Kowa ya ware ƙafa, ɗaya nan ɗaya can, yana washe baki. Abin dariyar shi ne in ka buɗe taswirar wayarka, layin da tauraron ɗan'adam ya sani yana can gabas da su da kusan mita 100, a cikin ciyawa, ba mai kula shi. Bari in zauna a bencin nan in ba wa iskar baya.

Da yawanku kun tambaye ni littattafan da nake tuli a kan tebur. Aikin dare nake yi, kuma tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, in komai ya lafa, abin da ke hana ni gyangyaɗi shi ne labaran tafiya cikin lokaci, wato mutum ya shiga na'ura ya koma baya ko ya tsallaka gaba. Tun littafin H. G. Wells na 1895 marubuta ke jan zaren nan. Amma akwai reshe ɗaya da ya kama ni ya ƙi saki, wanda ake ɗaukar mutum mai shakka a jefa shi Urushalima ta zamanin Yesu Almasihu, ga masu farautarsa, ga lokaci yana ƙure masa, zuciyar mai karatu tana dukan uku-uku. 'Yan'uwana Musulmi da ke kallo, na san mun bambanta a kan maganar gicciye. Ni Kirista ne, daga cikin abin da na yi imani da shi nake magana, amma ku zauna, ina jin tambayar ta shafi duk wanda ya taɓa addu'a ya ji shiru.

Mu fara sallamar kimiyya. Zuwa gaba dai gaskiya ne, kaɗan-kaɗan. A 1971 an ɗora agogunan atam a jiragen fasinja aka zagaya duniya da su, da aka dawo sun saɓa da waɗanda aka bari a ƙasa, kamar yadda lissafin Einstein ya faɗa. Agogunan taurarin GPS ma a kowace rana suna gaba da namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa, sai an gyara. Komawa baya kuwa, babu wanda ya taɓa. Masanin kimiyya Stephen Hawking ya shirya wa matafiya lokaci walima a Kambirij a 2009, bai fitar da katin gayyata ba sai bayan an tashi. Ko mutum ɗaya bai zo ba. To na'ura dai ƙarya ce ta marubuci, na yarda, kuma ba ita ke damuna ba. Abin da mutum zai yi in ya sauka shi ne labarin.

A nan ne yawancin littattafan ke ba ni haushi. Za ka ga an kawo wani farfesa mai taurin kai, ya yi shafi ɗari biyu yana musu, sai a kai shi bakin kabarin Yesu ya ga tashinsa daga matattu da idonsa, ya zube yana kuka, ya dawo yana wa'azi. Shi ke nan, gani ya kori ji. Akwai masu juya shi kuma, a je a tarar duk shiri ne. Duka biyun sun ɗauka bangaskiya shari'a ce da aka ɗage saboda rashin bidiyo, da an samu kyamara da an yanke hukunci. Ni kuwa da na koma na karanta Linjila da idon mai neman labari, sai na ga mutanen da ke wurin, waɗanda ba su buƙaci na'ura ba, su ma gani bai kore musu komai nan take ba. Luka ya ce da matan suka kawo labarin cewa babu kowa a kabarin, manzannin sun ɗauke shi tatsuniya. Maryamu Magadaliya ta tsaya gaban Yesu bayan ya tashi ta zaci mai lambu ne. Mutum biyu sun yi doguwar tafiya da shi zuwa Imuwasu suna hira ba su gane shi ba. Wadda ta fi tsaya mini a rai tana ƙarshen Matiyu, sura 28 aya 17: a kan dutse a Galili sun gan shi, sun yi masa sujada, amma waɗansu suka yi shakka. Yana tsaye a gabansu fa! Marubucin da ke son rufe bakin masu musu ba zai bar wannan layin ba, amma ga shi nan an bar shi.

To daga nan ne na fara rubuta nawa. E, na tona wa kaina asiri yau, shekara biyu ke nan ina fama da shi a wayar nan.

Mutumin nawa masanin tarihi ne, ɗan fasto, ya daina zuwa coci tun da ya binne 'yarsa. Ya san duk abin da ƙasa za ta iya bayarwa. Ya san dutsen da aka tono a Kaisariya a 1961 mai ɗauke da sunan Bilatus, gwamnan Romawa da ya yanke wa Yesu hukunci, ya san Bilatus ya mulki Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Amma dutse sunan gwamna kawai zai ba ka, ba zai gaya maka ko matattu suna tashi ba. Sai aka ba shi damar tafiya ɗaya, awa goma sha takwas, in ya wuce haka ƙofa ta rufe har abada.

Matsala ta farko, wace rana za a danna? Ni wannan wurin ya fi mini daɗin rubutawa fiye da duk guje-gujen. A kan ranar gicciye, masana da yawa suna tsakanin Juma'a biyu, 7 ga Afrilu na shekara ta 30 ko 3 ga Afrilu na shekara ta 33. Shekara uku tsakaninsu, tafiya kuma ɗaya ce. Ga kalandar kanta ba ta zauna lafiya ba. A 1582 an kwanta 4 ga Oktoba an tashi 15. Ingilar nan da nake sai 1752 ta bi sahu, aka tsallake kwana 11 a Satumba. Kuma duniya ba ta juyawa da sauri ɗaya, tana rage gudu a hankali, in ka tara bambancin na shekara dubu biyu ya kai kusan awa uku. Daga tsofaffin rubuce-rubucen husufi masana taurari suka gano haka. Awa uku a wurin mai son ya laɓe a bakin kabari kafin asuba ba wasa ba ne.

Kun riga kun hango abin da na yi masa. Ya dace da shekara, ya dace da rana, lissafin awoyi ya zame. Ya iso lambun rana ta riga ta fito. Dutse a gefe. Ya sunkuya ya leƙa, likkafani a ajiye, babu kowa. Ya ciro 'yar kyamararsa hannu na rawa ya ɗauki hoton ramin da babu komai a ciki. Duk kuɗin da aka kashe, duk shekarun da aka tsallake, abin da ya samu shi ne daidai abin da almajiri Bitrus ya samu da ya sheƙo a guje. Ku lura, a cikin Linjila huɗun nan babu wadda ta kwatanta lokacin tashin kansa. Duka a bayan abin suka iso. Ni wane ne da zan kai mutumina inda Matiyu da Markus da Luka da Yahaya ba su kai mu ba?

Kafin azahar jita-jita ta cika gari, wadda Matiyu ya ce an biya sojoji su yaɗa, cewa almajiran sun sace gawar suna barci. Ana neman baƙin fuska. Shi kuma Aramiyancinsa, wato yaren mutanen wurin, na littafi ne, da ya buɗe baki an san ba ɗan gari ba ne, kamar yadda harshen Galili ya tona Bitrus a farfajiyar babban firist. Ga wani da ya biyo shi ta na'urar da nufin ƙwace kyamarar. Wannan duk na rubuta, gudu ne da ɓuya a lunguna cike da baƙin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, ba wuya.

Inda na maƙale shi ne da yamma. Almajirai sun kulle ƙofa don tsoro, Yahaya ya ce Yesu ya zo ya tsaya a tsakiyarsu, amma ɗaya daga cikinsu, Toma, ba ya nan. Ba a faɗi inda ya je ba. To ni na sa mutumina ya ci karo da shi a waje, su biyu a rakuɓe a wani soro suna jiran 'yan sintiri su wuce. Mun yi wa Toma rashin adalci, mun laƙaba masa mai shakka kamar ba shi da wani hali. Shi ne fa da aka ce za a koma Yahudiya inda ake neman jifan Malaminsu ya ce wa sauran mu tafi mu mutu tare da shi. Irin wannan mutumin in ya ce sai na sa yatsa a gurbin ƙusa, ba gardama yake ji ba. Ya ba da zuciyarsa duka sau ɗaya an farfasa, yana tsoron a sake.

Mutumina ya san abin da Toma bai sani ba. Ya san bayan kwana takwas Toma zai gani. Shi kuma saura masa awa biyu. In ya tsaya ya jira, ya rasa hanyar gida, matarsa ta binne 'ya ta kuma rasa miji, kuma babu tabbacin za a buɗe wa baƙo waccan ƙofar. In ya tafi, ya koma da hoton rami. Wata bakwai ke nan suna zaune a soron nan, na kasa tashe su.

Na san dalili. Mahaifina ya rasu ina nan ƙasar. Ya yi jinya, na yi azumi, na yi addu'a har na daina sanin me nake faɗa, rannan ina tsakiyar aiki waya ta yi ƙara. Ban samu jana'iza ba. Na yi watanni ban taka coci ba, in an tambaye ni sai in ce aiki. Lokacin da a ce an miƙo mini na'urar nan, ba Urushalima zan nufa ba, wani daren Talata zan koma da ya kira ni na ce zan kira shi gobe. Da-na-sani ƙeya ce, shi ya sa labaran nan ke sayuwa, kowa yana da darensa. Abin da ya mayar da ni ba hujja ba ce. Wani uba ne a Markus sura 9, ya kawo ɗansa marar lafiya, ya ce na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Abu biyu a numfashi ɗaya, kuma ba a kore shi ba. Har yau a nan nake tsaye, wata ran ɓangaren farko ya fi ƙarfi, wata ran na biyun.

Don haka ku gaya mini, ya tsaya ko ya tafi? Amma kada wanda ya ce in sa Yesu ya bayyana masa a minti na ƙarshe, na gwada, na karanta wa matata, ta ce ƙarya nake kuma na sani.

Kai! Tsaya. Ƙarfe nawa? Ɗaya da minti biyu. Wayyo ni. Bari in juya. Ga shi can a ƙasan sanda, yadda na bar shi. Mutane suna watsewa. Bari in tambayi matar nan mai jan hula.

Ta ce ya faɗo, yanzun nan, wai har an tafa. Wancan dattijon na gefenta kuma ya ce shi bai ga an ɗaga shi ba ma, iska ta yi yawa. Kyamara kuwa fuskata take kallo tun ɗazu. To. Gobe ina da aikin dare, jibi in Allah ya kai mu zan sake hawo tudun nan. Bari in sauka kafin yatsuna su daskare.