Amsoshin Tambayoyinku: Mene ne dangantakar mutanen Hangari da na Finlan?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko a wannan mako ta fito ne daga wani malamin makaranta a Maraɗi. Ya ce ya ji ana cewa mutanen Hangari da na Finlan dangi ne, amma da ya duba taswira sai ya ga ƙasashen biyu sun yi nisa da juna, ɗaya can kusa da ƙanƙarar arewa, ɗaya a tsakiyar Turai. Yana tambaya, shin wannan magana gaskiya ce, ko dai zancen bakin kasuwa ne?

To Malam, maganar tana da tushe, amma sai an bambanta dangin harshe da dangin jini. Hangariyanci da Finlanci da harshen Estoniya duk rassa ne na gida ɗaya da masana ke kira Finno-Ugric, wanda shi ma yake ƙarƙashin babban gidan harsunan Ural. Saurari waɗannan kalmomi. Hannu a Finlan käsi ne, a Hangari kéz. Jini veri, can kuma vér. Ruwa vesi da víz, kifi kala da hal. Ka lura, duk kalmomi ne na jiki da na cin yau da gobe, irin waɗanda ba a cika aro daga maƙwabta ba. Wani abin da zai ba Bahaushe mamaki: a harsunan nan babu bambancin shi da ita. Bafinlande yana cewa hän ga namiji ko mace, Bahangare kuma ő.

Labarin yadda aka gano wannan zumunci ma yana da daɗin ji. A 1769 wani malamin Kirista ɗan Hangari mai ilimin taurari, János Sajnovics, ya bi tawagar da ta je tsibirin Vardø a arewacin Norway don kallon tauraruwa Zara tana giftawa ta gaban rana. A can ya ji mutanen Sami, makiyayan barewar ƙanƙara, suna magana, kunnensa ya riƙa kama abubuwan da suka yi kama da harshen gidansu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1770, ya wallafa littafi a kan lamarin. Manyan Hangari da dama ba su ji daɗi ba, don sun fi son a danganta su da jaruman Hun masu dawaki, ba masunta da makiyayan arewa ba.

Amma idan aka koma ga jini, abin ya sha bamban. Akwai wata alama a ƙwayar halitta da ɗa namiji ke gada daga ubansa kaɗai, masana na kiranta N, wadda ta iso Turai ta Sibiriya. Kusan maza shida cikin goma a Finlan suna ɗauke da ita. A Hangarin yau kuwa ƙalilan ne. Dalili shi ne Magyar, wato kakannin da suka kawo harshen, sun shigo kwarin Karpatiya, inda Hangari take a yau, wajen shekara ta 895 ƙarƙashin shugabansu Árpád, suka tarar da mutane da yawa a wurin, aka yi ta auratayya har jinin masu zuwan ya narke, harshen kuwa ya zauna daram. Kasusuwan da aka tono daga kaburburan waɗancan mahaya sun nuna alamar gabas fiye da ta Bahangaren yau. Malam, kai da kake Maraɗi ka san Fulanin gida da ba su jin ko kalma ɗaya ta Fulatanci sai Hausa, ai ba za ka yi mamaki ba.

Ƙarin bayani kaɗan: harsunan da suka fi kusa da Hangariyanci ba a Turai suke ba. Suna yammacin Sibiriya ne, a bakin kogin Ob, wajen ƙabilun Mansi da Khanty, waɗanda har yanzu suke yin bikin girmama dabbar beyar idan mafarauta sun kashe ta. Masu jin Mansi a yau ba su wuce 'yan dubbai ba, yayin da masu Hangariyanci suka kai wajen miliyan 13.

Sai mu je wasiƙa ta gaba, wadda ta fito daga Kumasi.